Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Mai Sayar da Iska

Makon jiya na tsaya a inda na rufe kafe ɗina na intanet da ke titin Gidan Zoo. NEPA da man janareta sun sha jinina, amma waya ce ta kashe kasuwar. Tunda yara suka fara buɗe Facebook a tafin hannunsu, wa zai biya kuɗin awa guda yana jiran shafin Yahoo ya buɗe? Sai lokacin rajistar JAMB ake tunawa da mu.

Tun 2004 da na sayar da gonar gadonmu na sayo kwamfutoci goma, Baffa ya raɗa mini suna mai sayar da iska. A gaban surukaina ma haka yake kirana. Ko da na koma haɗa wa 'yan Kantin Kwari shafukan talla, har na biya masa kujerar Makka, bai canja ba. Ya dawo da haƙorin Makka yana cewa, "Ashe iskar tana da tsada."

A watan Mayun 2018 Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Ni na riga na wuce nan, amma yaran da suka koyi kwamfuta a wurina suka tasa ni gaba sai na fito. Na sayi fom. Mabiyana a intanet sun fi daliget ɗin mazaɓarmu yawa nesa ba kusa ba, na ɗauka magana ta ƙare.

Na je yi wa Baffa sallama, yana kan buzu yana yankan farce da reza. Bai ɗago ba.

"Su waɗannan mabiyan naka, a wace rumfa suke zaɓe?"

Na yi shiru.

Shekaru biyar bayan haka, da na ga sanatoci sun titsiye Bosun Tijani da tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter wajen tantance ministoci, har ya ba da haƙuri, dariya na yi ni kaɗai. Ni tuni aka yi mini. Ana jibi zaɓen fidda gwani, wani da nake ba wa awa kyauta yana ɗalibi ya buga duk zagin da na taɓa yi wa dattawan jam'iyya, ya kai musu gida-gida. Takardun ma a firintata aka buga su, bashi, kuma har yau bai biya ba.