Kuɗin riɗina da gem ɗin da ya ci maki 97

Ina da ɗan shagon caji a bakin titi, a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Da farko abin da ke ciki benci biyu ne, talabijin ɗaya, da PS2 (PlayStation 2, na'urar buga gem) da na saya na hannu shekaru da dama da suka wuce. Idan aka taso daga Islamiyya da yamma, yara da samari sukan cika wurin, kowa da 'yan canjinsa a hannu, a buga ƙwallo minti biyar-biyar, wanda aka ci ya tashi ya ba na gaba fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan. Da an kira sallah nake kashe talabijin. Wannan sharaɗi ne da muka yi da mai unguwa tun ranar da na buɗe, kuma shi ya sa iyaye ba su taɓa kai ƙarata ba.

Ni kaina ina son gem sosai, kuma ina son karanta labarinsa. Da dare, bayan ƙarfe goma sha ɗaya, sabis yakan ɗan yi ƙarfi a wajenmu, sai in kwanta a tabarma in buɗe shafukan da ke sharhin wasanni irin su IGN, in leƙa Metacritic inda ake tattara makin da masu sharhi suka bayar a fitar da matsakaici. Turancina na sakandare ne, amma yana kai ni. A haka na san sunayen wasannin da ban taɓa gani da idona ba, har ina ba samari labarinsu kamar na buga. A raina kuwa kullum ina jin PS2 ɗina ta tsufa. Na'ura ce da ta fito tun 2000, kuma ko da yake an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ni dai gani nake an wuce wurin an bar mu.

Kakar 2023 riɗi ya yi mini kyau. Na kai buhunana kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na dawo da kuɗin da ban saba riƙewa ba. A daidai lokacin ne kuma shafukan nan suka cika da maganar Black Friday, ranar ragin da ake yi a Amurka a ƙarshen watan Nuwamba. Ko'ina ka buɗe sai ka ga an rage rabin kuɗi, an rage kashi 70, kada ka bari ta wuce ka. Ragin nasu yana faɗowa ne daidai lokacin da manomi yake da kuɗi a aljihu, kuma wannan haɗuwar ta ja ni ƙwarai.

Na shaida wa Baffana, ƙanin mahaifina, wanda a hannunsa na tashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, wannan sabon injin, mai yake sha ko ruwa?"

Na ce, "Baffa, wuta yake amfani da ita, kamar wancan."

Ya ce, "Wutar kuma daga ina take zuwa?"

Ban ba shi amsa ba, don na san inda ya dosa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 600, kuma shagona da janareta yake aiki. Amma zuciyata ta riga ta tafi Kano.

Na bi ta Gujungu na sauka Yankaba, na hau adaidaita zuwa wata kasuwar kayan lantarki. Na sayi PS4 'yar Kwatano mai fad biyu. Na kuma nemi faifan Red Dead Redemption 2, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2018, don makinsa 97 ne a Metacritic, IGN kuma sun ba shi goma bisa goma. Na yi watanni ina mafarkinsa. Da zan tashi, mai shagon ya ce, "Maigida, ai ba ka tafi da na ƙwallo ba. Bari in zuba maka sababbi guda biyar a ciki, kuɗinsu duka bai kai na faifai ɗaya ba." Na ce a zuba. Yana miƙo mini kayan ya ƙara da cewa, "Amma fa kada ka haɗa ta da intanet." Na ɗauka shawara ce ta tattalin data, na yi godiya na tafi.

Ranar farko na tara samari don su ga abin da na daɗe ina faɗa musu. Faifai biyu ne a kwalin, sai an fara juye na farko a cikin na'urar kafin a saka na biyu, girmansa kusan giga 100. Janareta yana ta ci, mu kuma muna zaune muna kallon wani layi yana tafiyar hawainiya. Da ya buɗe, sai ga mutane a kan dawakai cikin dusar ƙanƙara, suna tafiya a hankali suna hira da Turanci. Hoton kam ya yi kyau har wani yaro ya tambaye ni ko fim ne. Amma bayan minti ashirin ba a buga komai ba. Mutum ɗaya ne yake iya riƙe fad, babu yadda biyu za su kara. Wani saurayi da ya biya kuɗinsa ya juyo ya ce, "Yaya, don Allah a saka mana ƙwallo." Sauran suka goyi bayansa. Na cire faifan na mayar kwali.

Na ƙwallon da aka zuba mini sun yi aiki kusan mako biyu, shago ya yi ta cika. Sai samari suka fara ƙorafin cewa wasu 'yan wasa ba su cikin kulob ɗin da suke yanzu, na ce bari in sabunta. Na kunna intanet ɗin wayata na haɗa da na'urar. Washegari duk wasannin nan biyar ɗauke suke da alamar kwaɗo, ko ɗaya ba ya buɗuwa.

Daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma ina so duk mai shirin sayen irin wannan ya fahimta. Gem ɗin da aka saya ta intanet yana rataye ne da asusun wanda ya saya. A PS4, asusu ɗaya na'ura ɗaya tak yake iya ɗauka a matsayin tasa ta gida, kuma a kanta ne kowa zai iya buga wasanninsa. Masu wannan sana'a sukan saka asusun a na'urarka, su zuba wasannin, sannan su janye shi su kai wa wani mai saye. Muddin na'urarka ba ta taɓa intanet ba, ba ta san an janye ba. Ranar da ta taɓa, sai ta bincika ta ga ba ta da izini, ta kulle. Ashe aro aka ba ni na biya kuɗin saye. Na kira lambar mai shagon, ya ce ai ya gargaɗe ni. Gaskiya ne ya faɗa, dalilin ne bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Sai na ce to bari in bi hanya mai tsabta, in buɗe asusuna in sayi na ƙwallon da kaina tun ragin ƙarshen shekara bai ƙare ba. A nan na ci karo da abin da babu shafin da ya taɓa faɗa mini. Idan za ka buɗe asusun PlayStation, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa. Mutanenmu Amurka ko Ingila suke sakawa, sannan su sayi katin kuɗi na wannan ƙasar daga hannun dillalai, don katin Ingila ba ya shiga asusun Amurka. Dillalin da farashin dalar bayan fage yake lissafi, ya ɗora ribarsa, a lokacin kuma dala ta riga ta haura naira 1,000. Na ɗauki biro da takarda na zauna. Kuɗin gem bayan ragi, ribar dillali, datar da za ta sauko da giga talatin ko arba'in, da man da janareta zai sha a dararen da za a yi ana saukewa, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Da na haɗa jimla sai na ga ta zarce kuɗin faifai na hannu nesa ba kusa ba, ga shi faifai idan na gaji da shi zan iya sayarwa ko in yi musaya. Na ajiye biron, na fasa.

Na daɗe ina tunanin ko masu sharhin nan ƙarya suka yi mini. Ba su yi ba. Mutumin da ya ba gem ɗin nan goma yana zaune ne a ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa na wata ne ba a ƙirga masa giga, galibi kuma kamfanin ne ya aiko masa da wasan kyauta kafin ya fito kasuwa. Zai iya zama awa hamsin shi kaɗai yana bin labari. Tambayar da yake amsawa ita ce ko wasan ya ƙayatar. Tawa kuwa ita ce ko yara biyu za su iya karawa a kai cikin minti biyar su tashi wasu su zauna. Shafukan ragi kuma akwai abin da na lura da shi daga baya: da yawansu suna rubutawa da ƙananan haruffa cewa suna samun kamasho idan ka saya ta hanyar da suka nuna maka. Ba su ɓoye ba, kuma sana'a ce kamar ta dillalin shanu a kara. Amma wanda ya san dillali yana da la'ada a ciniki, ya san yadda zai saurari yabon da yake yi wa sa.

Faifan nan da samari suka ƙi ban sayar da shi ba, kuma ba na jin zan sayar. Bayan na tara kuɗin caji na sayi faifan sola da batir, sai na samu damar kunna na'urar da dare ba tare da ƙarar janareta ba. Idan gari ya yi tsit, nakan zauna ni kaɗai in hau dokin Arthur Morgan, jarumin wasan, in shiga daji. Labarin a Amurka yake a 1899, amma abin da ya kama zuciyata dokin ne. Sai ka goge masa jiki, ka ba shi abinci, ka lallashe shi idan ya firgita, a hankali ya saba da kai har ya riƙa zuwa idan ka yi fito. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shirya dawakai kafin hawan Sallah a Gumel zai san waɗanda suka yi wasan nan sun zauna kusa da doki. Wata uku na yi kafin in kai ƙarshensa, kuma daren da na gama na daɗe ban yi barci ba. Da za a ba ni alƙalami, ni ma goman zan ba shi, amma a ɗakina, da dare, ba a bencin shago ba.

Abin da ya mayar mini da kuɗina shi ne faifan gem ɗin ƙwallo PES 2021 na hannu da wani direba ya taho mini da shi daga Kano. Shi ne na ƙarshe da ya ɗauki wannan suna kafin kamfanin Konami su mayar da shi eFootball. Ba ya neman intanet, mutum biyu ko huɗu za su iya bugawa, kuma ana iya gyara sunayen kulob da rigunansu ta filash. Tsohon gem ne da babu shafin da ke maganarsa yanzu, amma shi ke ciyar da shagon. PS2 ɗin ma na dawo da ita bencin baya a farashi mai sauƙi, ƙananan yara suna layi a kanta.

Sai maganar fad, wadda ban taɓa ganin an rubuta sharhi a kanta yadda ta shafe mu ba. Fad ɗin da hannu talatin ke murzawa a rana ba ya daɗewa, musamman jabu. Na sayi masu arha har sau uku, sandar hagu tana lalacewa ɗan wasa ya riƙa gudu shi kaɗai, rigima ta tashi tsakanin wanda aka ci da wanda ya ci. Yanzu gara in sayi na asali ko da tsoho ne, kuma na koyi buɗe shi in canza robar ciki. Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabar PS4. Idan fankarta ta fara kuka da ƙarfi, ta shaƙe ne. Nakan ɗora ta a kan katako nesa da ƙasa, in rufe ta da zane idan an tashi, a bazara kuma ina kashe ta tsakanin azahar da la'asar ta huce.

Akwai wani zaure da muke da shi a WhatsApp, mu masu irin wannan shago daga Gumel, Sule Tankarkar, Gagarawa har Babura. Da na ba da labarin kwaɗon nan, mutum uku suka ce su ma an yi musu, kowa ya yi shiru don kunya. Tun daga nan, duk wanda ya gwada sabon gem sai ya turo saƙon murya ya faɗi abin da ya gani: giga nawa ne, yana buɗuwa babu intanet, mutum nawa ke bugawa, minti nawa zagaye ke ɗauka, akwai abin da bai kamata yaro ya gani ba. Na ƙarshen nan mun fi ba shi muhimmanci, don 'ya'yan maƙwabta ne ke zama a bencinmu.

A kakar da ta biyo baya wani ƙanina a zauren ya turo hoton PS5 da aka yi wa ragi, ya ce, "Yaya, na sayar da zoɓona, me ka gani?" Na ce ya fara faɗa mini batir nawa ke gare shi, da kuma nawa yara ke biya a garinsu. Ya turo lissafin, muka duba tare har kusan sha biyun dare. Ranar Lahadi ya tafi Gujungu ya sayo tunkiya biyu, ragowar kuɗin ya ba direba ya taho masa da fad na asali guda biyu.