Tsutsar da ta cinye mini lokacin bincike a Mar del Plata

Har yau in na ga rariya sai raina ya ɓaci. Na je Mar del Plata, a gaɓar tekun Ajantina, da shirin ƙirga halittun da ke kan duwatsun bakin ruwa a yankin Camet, arewa da gari, inda a lokacin ake zubar da ruwan bahaya da na kwatocin birnin kai tsaye a bakin teku. Abin da nake zato shi ne, inda ƙazanta ta yi yawa, rai zai yi ƙaranci. Ashe ba haka ba ne.

Da ruwa ya janye, sai ga wani abu toka-toka ya lulluɓe dutsen, mai tauri har ka taka shi ba ka nutse ba. Na sa wuƙa na yanko, sai na ga ramuka ƙanana jere kamar saƙar zuma, kowanne da tsutsa a ciki. Sunanta Boccardia proboscidea. Baƙuwa ce, asalinta gaɓar Kalifoniya, kuma a 2008 aka fara ganin ta gina irin wannan tudu a nan. Da yashi da yauƙin jikinta take yin bututun da take zama, ta ajiye ƙwai a ciki, ta riƙa cin dattin da ruwan ke kawowa. Ƙazantar da ke korar wasu, ita tuwonta ce. An ƙirga fiye da miliyan ɗaya a murabba'in mita guda.

Wannan adadin shi ya karya ni. Na ɗebi samfurina da ma'aunin da ake ɗibar mejillín, wato ƙananan halittun ruwa masu ɓawo dangin makankari, Brachidontes rodriguezii, da suka saba shimfiɗe duwatsun. Su ana ƙirga su a zama ɗaya. Tsutsa kuwa, kowace kwalba sai ka wanke a rariya, ka fasa bututu ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, idonka a madubin ƙara girma, warin sinadari na hawa kai. Rani ya wuce, masu yawon shaƙatawa suka watse, ni ina kan kwalaben farko.

Su mejillín ɗin fa? A ƙarƙashin tudun na same su, yashi ya binne su, ɓawo a buɗe, ba komai ciki. Da su aka tafi da ƙananan halittun da ke fakewa a tsakaninsu. Wanda ya dubi jimilla kawai zai ce wurin ya fi ko'ina albarka, alhali kusan jinsi ɗaya ne ya mamaye.

Duk mai shirin irin wannan aiki, ya ɗebi gwaji ɗaya ya ƙirga shi tas kafin ya yanke girman ma'auninsa. Ya tanadi safar hannu mai kauri da takalmin roba, don ɓawo yana yanka, kuma ka san cikin ruwan da ka tsoma hannu. Kada ya jinkirta ɗiba, guguwar teku kan ɗaye tudun a dare ɗaya.

A Disamba 2014 aka buɗe bututun da ke kai ƙazantar kimanin kilomita 4 cikin teku, tsutsar ta ragu a bakin gaɓa. Sauran kwalabena kuwa, wani ɗalibi ne ya gaje su, Allah ya ba shi haƙuri.