Murafen lemo ɗari da karta biyu a hannu

Hunturun bara ne Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya tattara ya dawo Kumasi bayan shekara 22 yana tuƙa tasi a Niyok. Ni tela ne, shagona na Aboabo, kuma tun ina ɗan koyo muke zama a barandar shagon bayan sallar isha'i. A ɗora ataya a kan gawayi, a buga dame ko wasan kartar Spar, a yi musun ƙungiyar ƙwallon Kotoko har barci ya fara fizgar mutane. Kawu ya zauna da mu dare biyu yana kallo, bai ce uffan ba. A dare na uku ya zaro sabuwar karta daga aljihu ya ajiye a kan teburin da nake yanka yadi.

"Ɗana, ka tara mini murafen lemo."

"Guda nawa, Kawu?"

"Kowa ɗari."

Mu shida ne, ke nan murfi 600. Sai da yaran layinmu suka yi mako guda suna tsintowa. Ranar da suka cika, kafin ya raba ko karta ɗaya, Kawu ya kafa sharaɗi: duk ranar da ya ga ko pesewa ɗaya a kan teburin nan, zai ɗauke kartarsa, wasa ya ƙare har abada. Da murafe za a yi, idan an tashi a juye su cikin gwangwani, gobe kowa ya sake karɓar ɗarinsa.

Sunan wasan Teksas Holdem, wani nau'i ne na foka. A Spar mukan cire ƙananan karta, amma nan duka 52 ake amfani da su. Kowa a ba shi biyu a kife, ba mai gani sai shi. Mutum biyun da ke hagun mai rabo su yi zubin dole tun kafin su ga abin da ke hannunsu, na farko murfi ɗaya, na biyu murfi biyu, don a sami abin da za a yi takara a kai. Daga nan magana ta zagaya. In ta zo kanka, ko ka bi da adadin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka kife kartarka ka fita. Sai mai rabo ya jefar da ta sama, ya buɗe uku a tsakiya. A sake zagayawa, ya buɗe ta huɗu. A sake, ya buɗe ta biyar, wadda Turawa ke kira kogi. Waɗannan biyar na kowa ne. Kai dai ka haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai, naka biyu da na tsakiya biyar.

Haddace darajar hannu bai ba ni wuya ba. Tagwaye, sai tagwaye biyu, sai 'yan uku, sai jere na lamba biyar, sai biyar 'yan dangi ɗaya, kamar a ce duk masu zanen zuciya, sai cikakken gida wato 'yan uku da tagwaye, sai 'yan huɗu, sai jere cikin dangi ɗaya. Na tambayi Kawu me ya sa dangi ya fi jere, ya ce saboda ya fi wuyar samu, kuma haka duk tsarin yake: abin da ya fi ƙaranci shi ne a sama.

Abin da ya ba ni wuya shi ne kifewa. Makon farko ba hannun da ban shiga ba. In an ba ni 7 da 2 sai zuciyata ta ce ai wata ƙila tsakiya ta kawo bakwai-bakwai, kafin ƙarfe goma murafena sun ƙare ina zaune ina fifita gawayi. Sai na koma lura da Kawu, na ƙirga, na ga a cikin rabo goma yakan kife takwas ba tare da ya zuba komai ba. Ya ce mini hannun farko iri 169 ne kawai a wasan, kuma mafi yawansu ba su cancanci murfi ɗaya ba. As biyu, wato karta biyu masu harafin A, hannun da ya fi kowane, sau ɗaya yake zuwa a cikin rabo 221. Ya kuma nuna mini amfanin mazauni. Murfin gwangwanin Milo ne alamar mai rabo a wurinmu, yana zagayawa hagu bayan kowane hannu, kuma wanda murfin yake gabansa shi ne na ƙarshen magana bayan an buɗe tsakiya. Ya riga ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa.

Daren da ba zan manta ba, ina riƙe da 9 da 7, duka zuciya. Tsakiya ta kawo Sarkin zuciya, 4 ta zuciya da Jek baƙi, ta huɗu kuma ta zo 2 baƙa. Zuciya huɗu ke nan, saura ɗaya in cika dangi. Akwai murfi 20 a tsakiya. Abokina, makanike ne a Magazin ta Suame, ya tura 20. Ban tsaya tunani ba na bi. Kogi ya zo da 3 ta zuciya, na buɗe hannuna, na jawo tulin da hannu biyu, baranda ta kaure da ihu.

Kawu bai yi ihu ba. Ya ce, "Ɗana, ka yi kuskure."

"Kawu, ai na ci!"

"Ka ci. Zauna mu ƙirga."

Ya shimfiɗa kartar a kan yadi. Zuciya 13 ce a cikin kwali, na ga huɗu, saura 9. Kartar da ban gani ba 46. Ke nan sau ɗaya cikin biyar, kusan, zuciya za ta zo. Ni kuwa na biya 20 don in ci 40. In muka maimaita wannan hannun sau biyar, zan ci 40 sau ɗaya, in yi asarar 20 sau huɗu. Riba 40, asara 80. Na daɗe ina kallon kartar nan. A shago ba zan taɓa karɓar ɗinkin da zare da wuta za su ci ninkin kuɗin aikin ba, amma a tebur na yi hakan ina murna. Tun daga ranar nan wasan ya shiga raina. Kawu ya ba ni gajeriyar hanya: ka ƙirga kartar da za ta cece ka, in saura buɗi ɗaya ka ninka sau biyu, in saura biyu ka ninka sau huɗu, abin da ya fito shi ne kusan kasonka cikin ɗari. Yanzu ina kan keke ina ɗinki ina wannan lissafin a kai.

Mutane na zaton wasan burga ne kawai, wato ka zuba da yawa alhali hannunka ba ƙarfi don sauran su tsorata su kife. Akwai burga, amma kaɗan ce, kuma ba ta ci sai ga wanda aka san ba ya yawan shiga. Kallon mutane ya fi ta amfani. Makaniken nan, in hannunsa ya yi ƙarfi, sai ya ajiye kofin ataya a hankali ya daina surutu. In babu komai a hannunsa kuwa, muryarsa har bakin titi. Wata biyu na yi kafin na gane.

Kawu ya san tarihin wasan. A garin Robstown na jihar Teksas ake cewa an fara shi a farkon ƙarni na 20, har majalisar dokokin jihar ta amince da hakan a 2007. A 1967 wasu 'yan Teksas suka kai shi Las Begas, a 1970 Benny Binion ya fara gasar duniya ta foka a can. Amma labarin da Kawu ya fi maimaitawa na 2003 ne, lokacin da wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya sami kujera ta hanyar wasan intanet, ya cinye gasar, ya tafi da dala miliyan 2.5. Kawu ya ce bayan nan direbobi da yawa da ya sani suka ɗauka su ma haka za ta faru da su. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga cewa mutum 839 suka shiga, kowace kujera dala 10,000, ɗaya ne ya kai ƙarshe. Ya ga mutanen da suka zubar da cinikin mako guda a dare ɗaya. Ni ma ba sai an kai ni Amurka ba, ina ganin samarinmu a ƙofar shagunan cacar ƙwallo, waya a hannu, ido ya yi ja.

Mma, mahaifiyata, ba ta so abin ba ko kaɗan. A wurinta karta caca ce, ko da me aka yi ta. Ban yi mata musu ba, na je wurin malamin da ya karantar da ni tun allo. Ya karanto mini aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce caca haramun ce, babu kokwanto. Wasan da babu kuɗi a ciki kuwa malamai sun yi saɓani, wasu sun ƙi shi gaba ɗaya. Ya ce in ya taɓa sallata, ko sana'ata, ko ya jawo gaba tsakanina da ɗan'uwa, in bar shi nan take. Na kai wa Mma maganar yadda take, ban rage ba. Ta ce to, amma ƙarfe goma da rabi a tashi, kada asuba ta kuɓuce. A kan haka muke har yau.

Juma'ar da ta wuce an ɗauke wuta, muka kunna fitilar caji. Zuciya huɗu ta sake haɗuwa a wurina, saura kogi. Murfi 30 a tsakiya, makanike ya ajiye kofinsa a hankali ya tura 30. Na ƙirga tara, na ninka biyu, na dubi tulin. Na kife. Maƙwabcina mai aski ya bi, aka buɗe kogi, ta zo 10 ta zuciya. Kawu ya ɗaga kartata ya leƙa, ya mayar cikin sauran. Ya tsiyaya ataya ya miƙo mini kofin farko, sannan ya turo murfin Milo gabana.

"Cuɗa, ɗana. Rabo naka ne."