Yau an kira ni mushe

Talata. Kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe Warso, babban birnin Polan, ko la'asar sai da na yi ta da gaggawa.

A aji malama ta shigo da miejscownik, na shida cikin siffofi 7 da suna yake ɗauka a yaren Polan. Shi ne wanda ake sa wa suna in ana magana a kan mutum ko wuri. Ta ce bari ta gwada da sunayenmu. Ibrahim ya koma "o Ibrahimie", lafiya lau. Ta juyo kaina ta rubuta "o Musie", ta karanta da ƙarfi. To su "si" in ta zo gaban wasali kamar "sh" suke furta ta. Mushe! Aminu ya kifa kai a tebur yana dariya har da hawaye.

"Musa, me ya faru?" in ji malama.

Na ce, "Malama, a Hausa wannan dabba ce da ta mutu ba a yanka ba."

Ta rufe baki, ta ba da haƙuri, sannan ta ce ba yadda za ta yi, doka ce. Sunan namiji in ya ƙare da "a", hanyar sunayen mata yake bi, kamar Kuba, kamar mężczyzna, wadda ma'anarta ma namiji ce. In ba na nan, "nie ma Musy". In an tafi da ni, "z Musą". In za a ƙwala mini kira, "Muso". Shi kuwa Aminu, da yake nasa da "u" ya ƙare, ba mai taɓa shi. Ɗan gata.

Na yi dariya a lokacin, amma a taragon komawa gida abin ya tsaya mini a rai. Sunan kakana ne. Inna ko faɗarsa ba ta yi, sai dai ta ce "mai sunan Malam". Ga shi a nan ana lanƙwasa shi kamar ƙullin alkaki.

A shago na nemi "kawa z mlekiem", wato kofi da madara, ban yi kuskure ba. Sunan kuɗinsu ne har yau yake ruɗa ni, don yana sauyawa da adadi: 2 złote, 5 złotych, 22 kuma a koma złote.

Aminu ya turo saƙo da dare, wai ina mushe ya ajiye littafinsa. Ban ba shi amsa ba tukuna.