Siraran alwatika ne ke ɓata raga, ba ƙarancinsu ba

Da yawa idan suka ga haske yana tabo-tabo a jikin samfurin 3D, sai su ƙara yawan alwatikar da ke cikin ragarsa, wato haɗakar ɗigo da layi da ke ba shi siffa a kwamfuta. Ba nan gizo ke saƙa ba. Matsalar tana wurin siffa. Alwatika mai kama da allura, wadda ƙaramar kusurwarta ba ta kai digiri 10 ba, ɗigo ɗaya ya ɗan gusa sai fuskarta ta juya, inuwa ta karye. Abin nema shi ne kusurwoyi su kusanci digiri 60, kowane ɗigon ciki ya haɗa layi shida, na bakin raga huɗu.

Kafin komai, a haɗe ɗigon da suka hau kan juna, a share alwatikar da ba ta da faɗi ko kaɗan. A manhajar Blender, Merge by Distance ke haɗe ɗigon, amma a sa tazara ƙarama, in ba haka ba zai cinye ƙananan sassa.

Daga nan hanyar da masu bincike Botsch da Kobbelt suka fitar a 2004 ta fi min kowace. Ka zaɓi tsawon layin da kake so, kira shi L. Duk layin da ya wuce 4/3 na L, raba shi biyu. Wanda bai kai 4/5 ba, dunƙule ɗigonsa biyu su zama ɗaya, sai fa idan hakan zai haifar da layin da ya zarce 4/3, ko ya kifar da fuskar maƙwabciya. In ka manta wannan sharaɗi, sai rabawa da dunƙulewa su yi ta warware aikin juna. Sannan a juya layin da ke tsakanin alwatika biyu muddin zai kusantar da ɗigo huɗun da ke jikinsu zuwa haɗa layi shida-shida. Zagaye biyar zuwa goma yakan wadatar.

Wurin daidaita ɗigo ne aka fi yin ɓarna. Hanyar Laplace tana jan kowane ɗigo zuwa tsakiyar maƙwabtansa, da maimaitawa sai samfurin ya motse kamar sabulu a ruwa, hanci da yatsu su fara tafiya. Wani mai bincike, Taubin, ya magance haka a 1995: taki ɗaya ciki, taki ɗaya waje da ya ɗan fi shi. Ko kuma a bar ɗigon ya zame a kan shimfiɗar kawai, sannan a mayar da shi kan ainihin samfurin.

Kaifafan gefuna, irin bakin akwati, a kulle su tun farko. Manhajar MeshLab tana da wurin sa kusurwar da za a ɗauka a matsayin kaifi.