Aksul ɗin Ciki-da-Falo

Watan jiya na miƙa wa manyan yarana makullan gareji. Gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gardama, kuma wanda ba ya iya kwanciya a ƙarƙashin mota ya tashi ba tare da an kama hannunsa ba, gara ya koma kan benci. Babbansu ya ce in rubuta musu abin da na koya a sana'ar nan. Na zauna in jera, sai na ga duk inda na ɗauko zancen, a kan aiki ɗaya yake sauka, aikin da na ɓata tun ina yaron wani.

A ƙarshen shekarun 1980 ne, ina shekara ta biyar a hannun maigidana, saura kaɗan a yaye ni. Yaran yanzu ba su ga wannan zamanin ba. Da hunturu ya kama, sai Turawa su fara keto Sahara daga Aljeriya: Tamanrasset, In Gezzam, Assamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, su faɗo Kano. Wasu Fijo 504 suke korowa su sayar a Nijar su koma a jirgi, wasu kuwa yawon ganin duniya ne kawai. Tawayen Abzinawa da rikicin Aljeriya a farkon shekarun 1990 su suka kashe hanyar. Kafin nan, ba a ƙare hunturu ba mu taɓa motarsu ba, don duk motar da ta ci gargadar hanyar Assamaka zuwa Arlit sai ta iso da ciwo.

Wadda ta zo mana tsohuwar Marsandi 508D ce, injin dizal mai silinda huɗu, taya bibbiyu a baya. Wani dattijon Bajamushe ne da matarsa. Sun mayar da cikinta gida sosai: gado, risho na gas, ɗan firij, tankin ruwa, har da labule mai furanni a taga. A baya an jera jarkokin mai da na ruwa, da safaya biyu, da farantan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a yashi. Kafin a kashe inji yaran gareji sun raɗa mata suna Ciki-da-Falo. Abin da ban lura da shi ba a ranar, sai daga baya, shi ne irin wannan mota ba ta hutawa. Motar haya takan sauke kaya ta dawo wayam, ita kuwa gidanta a bayanta yake dare da rana, kuma aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya yana juya su, shi ne yake ɗauke da yawancinsa.

Kuka take yi. In an taka totur sai ta ɗauki wani gunji daga baya, in an ɗaga ƙafa ya lafa. Da na kwance notin tsiyayar mai, abin da ya zubo bai cika gwangwanin madara biyu ba, baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Maganaɗisun da ke jikin notin ya zama kamar bushiya. Ƙura ta toshe ɗan hancin da aksul yake numfashi ta nan, zafi ya tura mai ta oyal sil, wato robar da ke tare mai a wuyan finiyon (ƙaramin giya mai haƙora a cikin aksul), mai ya tsiyaye a hamada ba su sani ba. Muka sauke kayan bayan motar, muka sauke aksul. Boris ɗin da finiyon yake juyawa a kansa ya mutu, haƙoran finiyon sun ɓantare a gefe. Kirawun kuwa, babban faifai mai haƙora da finiyon yake juyawa, a ido, kamar ba abin da ya same shi.

Maigida ya yi wa Baturen kuɗin sabon kirawun da finiyon da boris gaba ɗaya, aka biya ba ciniki. Sannan ya ja ni gefe ya ba ni kuɗin finiyon ɗaya tal, na gwanjo, ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa in samo mai haƙora daidai da namu. Na samo. A hanya na goge shi da gefen riga na ga lambar da aka buga a kansa, ba ita ce a jikin kirawun ɗinmu ba. Na san ma'anar wannan, don shi da bakinsa ya taɓa faɗa mana: kirawun da finiyon miji da mata ne, tare ake goga su a masana'anta har haƙori ya saba da haƙori, shi ya sa ake buga musu lamba ɗaya. Ba a yi wa ɗaya sabon aure.

Na ce, "Oga, lambar fa ba ɗaya ba ce."

Bai ko ɗago ba. "Haƙori nawa?"

Na faɗa.

"Na wancan fa?"

"Ɗaya ne, Oga."

"To kai ne za ka koya mini aiki? Je ka ɗaura."

Na ja bakina na yi shiru. Shekara biyar ina jiran yaye, ban ga dalilin da zan zubar da ita a kan motar mutanen da gobe za su bar ƙasar ba. Haka na ce wa kaina, kuma ba na alfahari da shi.

Wannan nasa ne. Ga nawa, wanda na daɗe ina tsallakewa in ina ba da labarin. Lokacin da na kwance aksul ɗin, siraran wasar nan da ake saita tazara da su, na dama da na hagu da na bayan finiyon, duk na watsa su cikin kwano ɗaya na fetur don su wanku. Ban ɗaure kowane rukuni da waya ba, ban yi musu alama ba. Murafan da suke danne boris ma ban buga musu shaidar wane ne na wane gefe ba. Da na zo haɗawa na tsaya a kan kwanon ina kallonsu, duk kamarsu ɗaya, alhali wani ya fi wani kauri da abin da ido ba ya gani. Kunyar tambaya ta hana ni, sai na raba su da ka. Tazarar da ake bari tsakanin haƙorin kirawun da na finiyon a irin waɗannan aksul ba ta wuce kaurin takarda biyu ba, wajen milimita 0.15 zuwa 0.2. Ni da yatsa na auna, na girgiza kirawun na ji ya yi ɗan ƙas-ƙas, na ce ya yi. Notin finiyon kuwa na zura wa safana bututu na hau da ƙarfina, a tunanina ƙarin ɗauri ƙarin lafiya ne. Ban san ina shaƙe sabon boris ba.

Muka zuba sabon man giya mai lamba 90, muka zaga da ita cikin gari. Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Dole ta yi shiru: sabon mai mai kauri yana rufa asiri, gudun bai wuce na cikin gari ba, kuma jarkoki da safaya duk suna ƙasa a gareji. Motar da muka gwada ba ita ce motar da za ta hau hanya ba. Washegari da sassafe aka loda mata kayanta suka kama hanyar Bauchi, za su Yankari. Matar ta ba kowane yaro alawa.

Bayan la'asar wani direban tasha ya leƙo ya ce, "Baturenku na can gaba da Birnin Kudu, ya yi zango." Ba waya a lokacin, saƙo a bakin direbobi yake yawo. Ni aka haɗa da mai janwe. Mun isa da hantsi washegari, Baturen da matarsa a gefen titi suka kwana. Warin ƙonannen man giya ya tare ni tun kafin in durƙusa, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Fentin da ke wuyan aksul ya tashi ya yi ƙuraje saboda zafi. Dattijon yana tsaye ya harɗe hannu. Matar tana zaune a kujerar naɗi ƙarƙashin wata tsamiya, yaran ƙauye sun yi mata da'ira. Da ta gan ni ta tashi ta shiga motar, ta fito mini da shayi a kofin tangaran. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na sha shayin nan ina kallon ƙasa.

Abin da ya faru a gareji shi ne har yau bai gama sauka daga wuyana ba. Maigida ya tara kowa, har masu walda na makwabta, ya nuna ni da safana a gaban Baturen. Ya ce sabon kaya ya damƙa mini, kaya mai tsada, na lalata saboda gaggawa da rashin ji. Ya ce ya gaji da yaran da ba su iya ba kuma ba sa tambaya. Dattijon ya nemi a nuna masa tsohon kirawun ɗin da aka cire. Maigida ya ce ai 'yan gwangwan sun kwashe. Tsohon kirawun yana nan cikin aksul, taku uku daga inda suke tsaye, kuma mu biyu ne kawai muka sani. Ya dube ni, na dube shi. Aksul ɗin ba a buɗe shi ba sai bayan magariba, da baƙin suka tafi masauki. An ɗaga yayena da shekara ɗaya, aka riƙa yankar kuɗin sabuluna har damina ta wuce.

Gyara na biyu ni na roƙa a bar mini. Akwai wani tsoho a layinmu da ya yi shekaru yana aikin manyan motocin Marsandi, ba ya shiga sabgar kowa. Na same shi da daddare na faɗa masa gaskiya duka, har da kwanon fetur. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ɗauko fitila." Shi ya sa aka nemo kirawun da finiyon masu lamba ɗaya, ya zo da agogon awonsa a cikin wani tsohon gwangwanin biskit, da ɗan bututun shuɗin gwaji. Ya shafa shuɗin a haƙora huɗu ko biyar na kirawun, ya sa na danne kirawun da katako don ya ji nauyi, ya juya finiyon gaba da baya. Sai ga sawu ya fito a jikin haƙorin, inda ƙarfe yake taka ƙarfe. In sawun ya hau can saman haƙori, finiyon ya yi nisa, a ƙara masa wasa ya matso. In ya nutse gindi, a rage. Ana son ya zauna a tsakiya, ya ɗan karkata wajen siririn gefen, don in nauyi ya hau zai bazu da kansa. Sau huɗu muna kwancewa muna haɗawa. A na uku na ce ai ya yi, ya miƙo mini fitila ya ce in sake dubawa. Notin finiyon kaɗan-kaɗan ya riƙa ɗaurewa, yana juya shi da hannu bayan kowane ɗauri, yana jin taurinsa. Ya sa na fasa hancin numfashin da waya na wanke shi. Sai da aka loda kowace jarka cike, sannan muka tafi Wudil muka dawo, na sauka na ɗora tafin hannu a kan aksul. Da ɗumi, amma hannu yana zama.

Na yi shekaru ina ba da wannan labari a matsayin zaluncin maigida. Sai da na fara riƙe yara na yarda cewa ko da ya sayi sabon kayan da ya karɓi kuɗinsu, da rabon wasar da na yi da ka da wancan ɗauri na bututu, motar ba za ta kai Yankari ba. Wataƙila a Ningi za ta tsaya maimakon Birnin Kudu. Amma ni rashin sani ne da kunya da tsoro, shi kuwa ya sani sarai. Ya rasu tuni, na je jana'izarsa, na ce na yafe, kuma ina fata haka ne. Abin da na ɗauka dai, a garejina ba a taɓa yi wa yaro faɗa a gaban mai mota ba, kuma duk abin da aka cire ana saka shi a leda a miƙa wa mai shi, ko bai tambaya ba. Wasu abokan sana'a sun ce asara nake, 'yan gwangwan suna saye. Su dai suka sani.

Sauran kuwa gajeru ne. A tsohuwar mota mai nauyi, sau da yawa sayen aksul ɗin gwanjo sukutum ya fi arha da kwanciyar hankali a kan farfaɗo da wanda ya ƙone, in dai ka buɗe ka ga cikinsa kafin ka biya. Ka tabbatar lissafin haƙoransa ɗaya ne da na asali: ɗaga gefe ɗaya, juya taya sau biyu, ƙirga zagayen farfela, dogon ƙarfen da ke kawo wa aksul juyi daga inji. Kirawun mai haƙori 41 da finiyon mai 10 zai ba ka huɗu da ɗan ɗigo. In ka ɗaura wanda ya saɓa, ko mota ta kasa hawa tudu da kayanta, ko inji ya yi ta ihu a miƙaƙƙiyar hanya. Kada baƙin man inji ya shiga aksul ko da wasa. Man da ya fito fari kamar madara, ruwa ya sha. Kuma a gwada mota da nauyin da za ta yi tafiya da shi.

Wajen wata huɗu bayan tafiyarsu, kati ya iso ta gidan waya, da hoton dabbobin daji da kan sarkin Kenya. Ciki-da-Falo ta ratsa Kamaru da Zayar ta kai Nairobi, aksul bai ce uffan ba. Da sunan maigida aka rubuto, ana yaba wa gwanintarsa. Ya sa aka yi wa katin firam ya rataye a ofis, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Ni nake goge masa ƙura kowace Asabar, har ranar da aka yaye ni.