Talata, ni da ƙofa ta 3389

Yau ce ranar da aka tsayar Hajiya mai kula da lissafi za ta fara shiga sabuwar sabarmu, wato babbar kwamfutar ofis, daga gida, ta riƙa ganin allon kamar tana zaune a gabansa. Tun makon jiya na gama haɗa komai. Windows Server 2019 ce, na kunna Remote Desktop, na gwada daga teburina ya shiga lafiya lau. Da safe na ce bari in ƙara gwadawa kafin in kira ta. Na buɗe mstsc, manhajar shiga daga nesa, na rubuta sunan sabar, ya yi ta juyi, can sai ga saƙon nan da duk mai irin aikinmu ya haddace: wai an kasa haɗawa, ko dai ba a kunna shiga daga nesa ba, ko na'urar a kashe take, ko kuma ba ta kan netwok. Dalili uku a saƙo ɗaya, kai ka zaɓi naka.

Na aika ping, wato saƙon gwada ko na'ura na amsawa, shiru. Ban ɗaga hankalina ba, domin shirun ping a Windows ba hujja ba ne, katangar tsaronta, wato fayawol, kan hana amsawa in ba a ba ta izini ba. Na shiga PowerShell na buga Test-NetConnection da sunan sabar da lambar ƙofa 3389, wadda ita ce ƙofar RDP, hanyar da Remote Desktop ke bi, tun asali. Sunan ya fito da adireshin IP daidai, wato DNS, mai juya suna zuwa adireshi, ba shi da laifi, amma layin ƙarshe ya ce False. Ƙofa a garƙame. Daga teburina ba abin da zan ƙara sani, dole sai na taka.

Muka nufi ɗakin saba ni da yaron da ke koyon aiki a wurina. Sanyi, ga ƙarar fankoki sai ka ɗaga murya. Wayar allon da muka samu gajeriya ce, sai da ya riƙe mini allon a ƙirjinsa, ni kuma na ɗora madannai a kan wani kwali ina bugawa a durƙushe. Sabar tana nan da ranta, fitilun katin netwok na ƙiftawa. Na duba sabis ɗin TermService, mai kula da Remote Desktop, yana gudana. Na leƙa rajista, fDenyTSConnections yana kan 0, wato an yarda a shigo. Na buga netstat -an, ga 3389 nan tana sauraro. To, sabar na sauraro daga ciki, mu muna ƙwanƙwasawa daga waje, wani abu ne ya tsaya a tsakani.

Yaron ya leƙo ta saman allon ya ce, "Oga, mu kashe fayawol ɗin mana mu gani."

Zatonsa daidai ne, maganin ne ban yarda da shi ba. Na sha tarar da saba da aka kashe wa fayawol da sunan gwaji, aka samu abin da ake so, kowa ya kama gabansa, ta zauna tsirara har shekara ta zagayo. Na ce masa mu tambaye shi dalilin da ya sa yake hanawa tukuna.

Na buɗe dokokin shigowa. Dokar Remote Desktop tana nan a kunne, da alamar kore. Yaron ya ce to ai ba shi ba ne ke nan. Na ce ya dubi shafin da ke gefe, inda aka rubuta wa wane irin netwok dokar take aiki. Fayawol ɗin Windows kamar maigadi ne mai takarda uku a aljihu, ɗaya ta Domain (netwok ɗin ma'aikata), ɗaya ta Private (na gida), ɗaya ta Public (na baƙi), kuma takardar da ya ciro ta danganta da inda yake zaton an ajiye shi. Tamu dokar a takardar Domain kaɗai muka sa ta, da gangan. Na buga Get-NetConnectionProfile, sai ga shi ɓaro-ɓaro: Public. Sabar da ke ɗaure a ƙarfe cikin ɗakinta ta ɗauka a netwok ɗin baƙi take.

Sai da na ɗan yi tsaye kafin abin ya faɗo mini. Daren jiya an kashe komai don a canza baturan UPS, aka kunna su gaba ɗaya. Sabuwar tana da SSD, ma'ajiya mai sauri, nan da nan ta farka. Tsohuwar da ke riƙe da asusun kowa, mai kula da domen, ita sai ta yi miƙa ta yi hamma. Akwai wani sabis, NlaSvc, aikinsa ya gane wane netwok ake ciki, kuma yana ganewa ne ta neman mai kula da domen. Ya nema bai samu ba, ya yanke hukunci, bai kuma waiwaya ba. Abin haushin, ba a iya mayar da shi Domain da hannu, Private da Public kawai ake iya zaɓa. Dole shi da kansa zai gano. Na sake tayar da sabis ɗin, na ƙara buga umarnin, ya koma DomainAuthenticated. Yaron ya ajiye allo ya ruga teburina, ya dawo yana washe baki. Ya shiga.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kafin in kira Hajiya ita ta riga ni, ta haɗa VPN, rufaffiyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga waje, da kanta ta gwada. Ta turo hoton allonta da ta ɗauka da waya, hasken fitila ya cinye rabin rubutun, amma abin da ya rage ya isa: wannan asusu ba shi da izinin shiga daga nesa.

"Injiniya, ko na ɓata wani abu ne?"

"A'a Hajiya, ba ki ɓata komai ba. Wannan saƙon ma albishir ne, ya nuna kin iso bakin ƙofa."

Masu gudanarwa suna da wannan izini kai tsaye, sauran jama'a sai an sa su a rukunin Remote Desktop Users. Na sa ta, ta shiga. Hanya mafi sauri ita ce a mayar da ita mai gudanarwa, kuma da yawa haka suke yi, amma mai lissafi ba ta da abin yi da ikon goge saba.

Da rana Manaja ya kira ni. Ya ji labarin cewa sai an bi ta VPN, yana ganin wahala ce. Wani abokinsa ya gaya masa ana buɗe ƙofar a rauta kawai, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, kowa ya shigo daga ko'ina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa ɗin nan shi ne matsalar."

Ban tsaya dogon bayani ba, na nuna masa wani tsohon kundin tsaro da na adana daga wata saba da aka taɓa barin 3389 ɗinta a buɗe ga intanet. Lamba 4625, alamar an gwada shiga an kasa, layi bayan layi, dare da rana, da sunaye irin su administrator da admin da test, daga adireshin da ba mu san su ba. Ba mutum ne ke zaune yana bugawa ba, manhajoji ne ke zagaya intanet suna taɓa kowace ƙofa suna gwada kalmar sirri, kuma ta nan masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa suka fi son shigowa. Na tuna masa BlueKeep, ramin da aka gano a RDP a watan Mayun 2019, wanda ake iya bi ta cikinsa ba tare da kalmar sirri ba a tsofaffin Windows. Girmansa ya sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da Server 2003 da ta riga ta daina kula da su. Tamu ba ta cikin waɗanda ya shafa, amma wa ya san na gobe? Ya ce to a canza lambar ƙofar. Na ce masu laluben nan duk ƙofofin suke bi, canjin lamba rage hayaniya kawai yake yi. Ya yi shiru yana gungura layukan da linzami, sannan ya ce a bar VPN ɗin.

Ina shirin fita ya ƙara da cewa yana so ma'aikata biyar su riƙa shiga lokaci ɗaya. Na gaya masa gaskiya: yadda take yanzu mutum biyu kawai take ɗauka a tare, kuma wannan biyun don masu gyara aka tanade su. In ana son aikin yau da kullum, har na Hajiya, sai an girka Remote Desktop Services an sayi lasisi. Ana ba da kwana 120 na rangwame, bayan nan ta daina karɓar mutane. Ya ce in rubuto masa a takarda.

Kafin in tashi na sa NlaSvc ya riƙa jinkirta tashi bayan an kunna saba, na kuma manna takarda a ƙofar akwatin sabobin cewa mai kula da domen ake fara kunnawa, a jira ta gama farkawa. Ban gwada ba tukuna, domin Hajiya na ciki tana rufe lissafin wata, ba zan yanke ta ba. Gobe da sassafe zan kashe su duka biyun in kunna a tare, in ga wace takarda fayawol zai ciro.